Yaya, ba a yar da tsofaffi a nan, hannuwa ne suka yi ƙaranci

Yaya barka da warhaka, ya Kaduna ya yara. Tambayar da kika min, wai da gaske ne mu da muka daɗe a Ingila mun ɗau halin Turawa, tsoho na fara gazawa sai a kwashe shi a kai gidan tsofaffi a juya baya, kuma wai ko ruwa ba mai miƙa wa wani sai an biya shi. Wallahi ban ji haushi ba don nasan haka ake faɗa a gida, amma bari in gaya miki yadda abin yake a wajenmu.

Su kansu Turawan ana ɗaukar alhakinsu. A ƙidayar da aka yi a 2021 a Ingila da Wales, wajen mutum miliyan 5 ne suka ce suna kula da wani nasu tsoho ko mara lafiya ba tare da albashi ba, kuma kusan miliyan 1.5 daga cikinsu awa 50 ko fiye suke yi a sati, mata sun fi yawa kamar dai ko'ina. Akwai ɗan kuɗin da gwamnati ke bai wa mai jinya, a 2025 fam 83.30 ne a sati, shi ma sai kina yin awa 35 zuwa sama, alhali mafi ƙarancin albashin babba a shekarar fam 12.21 ne a awa ɗaya. Ki lissafa da kanki, ba wanda zai bar aikinsa don wannan, wanda ya zauna da uwarsa ƙauna ce ta zaunar da shi. Mu kuma namu da yawa da ke kan bizar aiki ko ta karatu ko wannan ɗin ma ba su da ikon karɓa.

Gidan tsofaffin da kuke ji kuma ba sadaka ba ne. A wurare da yawa fam dubu ne ko fiye a sati, kuma in dukiyar mutum ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, har gidansa ana iya sakawa a lissafi in ba matarsa ko mijinta a ciki. Yawanci sai abu ya gagara ake kai mutum, irin gigin tsufan da tsoho zai buɗe ƙofa cikin dare ya fita cikin sanyi da rigar barci, ko ya kunna gas ya manta.

Toh mu Hausawa fa? Mu ba mu da yawa, kuma tsofaffinmu a nan yawanci waɗanda suka zo karatu ne tun zamanin da, suka yi aiki suka yi ritaya, wasu yaransu na wani gari wasu ma na wata ƙasa. Abin da muka rasa hannuwa ne. Ki tuna gidanmu na Tudun Wada lokacin da kaka ta kwanta, matan gida, jikoki, makwabta, kowa na shiga yana fita, wannan ta dama kunu waccan ta wanke zani, yaro ya ruga kemis, ba wanda ma ya san ana jinya don an rarraba nauyin. Nan mutum biyu ne a gida, miji na dutin dare mata na na safe, ga haya ga kai yara makaranta, ga doka ba a barin ƙananan yara su kaɗai, kuma makwabcinki zai iya shekara bai san sunanki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa dole muka mai da abokai dangi.

Akwai wani dattijo a garinmu, mutumin Zazzau ne, matarsa ta rasu, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙaramar hukuma na turo masu kula da shi safe da yamma, amma kinsan yadda suke, rabin awa ne, su ba shi magani su canza masa famfas su rubuta a littafi su wuce gida na gaba don su ma an ƙayyade musu lokaci. Ranar da aka turo mace ta yi masa wanka ya juya fuska bango ya ƙi magana har dare. Daga nan mazanmu suka raba kwanaki a guruf ɗin WhatsApp, wanka da aski da kai shi masallacin Juma'a a keken marasa lafiya nasu ne, mu mata abinci. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango kusa da ƙofarsa mai lambobi, makulli na ciki, duk mai zuwa ya san lambar. In ranata ce nakan tuƙa tuwon shinkafa mai laushi sosai, miyar kuka ba yaji don yana ƙwarewa, in zuba a ƙananan robobi in rubuta rana a kan murfi in jera a firij, in duba robar maganinsa mai gida bakwai ko ya sha na jiya, sannan in kawo ruwan ɗumi a roba da ƙaramin tawul don alwala, hannun daman ba ya ɗaguwa. Abin da ya fi so bai wuce a zauna a yi masa Hausa ba, ya tambayi ko damina ta sauka a gida, ko har yanzu jirgin ƙasa na tashi daga Rigasa. Ba wanda ya haɗa jini da shi a cikinmu, kuma ba wanda ya taɓa kawo zancen kuɗi, ko kuɗin mai. Da yawa daga masu zuwan ma aikin kula da tsofaffi suke yi na albashi, irin waɗanda suka shigo daga 2022 da aka buɗe bizar wannan aikin, mutum ya kwana yana juya tsofaffin wasu a gado, da safe ya biyo ta gidan dattijon ya yi masa kyauta kafin ya je ya kwanta.

Ba zan ce miki komai lafiya lau ba. Ana gajiya, guruf kan yi shiru, kuma kullum mutanen nan ne dai 'yan kaɗan ke amsawa. Yaranmu da aka haifa a nan suna da tausayi sosai amma za su ce miki sai sun duba lokacinsu, kuma ba na ganin laifinsu, yadda aiki yake kenan. Muna dai jansu muna zuwa da su, ko shara su yi ko su karanta masa wasiƙun asibiti, don abin da yaro bai gani ana yi ba ba zai yi ba.

Sai ɗaya tambayar da nasan tana ranki ko ba ki faɗa ba, me ya sa ba ma ɗauko iyayenmu mu riƙe su a nan. Yaya tun 2012 aka tsaurara dokar, sai kin nuna cewa uwarki na buƙatar kulawa ta yau da kullum kuma ba za a iya samar mata ita a Najeriya ba ko da kuɗinki ne, wa zai iya tabbatar da wannan? Kaɗan ne ƙwarai ke samu. Abin da ya rage bizar ziyara, wata 6 iyaka, in aka kwantar da ita a asibiti kuma ke za ki biya. Ga shi su kansu tsofaffin ba sa jin daɗin zaman, an fita aiki an bar su da hita da talabijin, ba sallama ba biki ba ta'aziyya, ba a jima sai su fara cewa a mai da su gida.

Don haka gaskiyar magana iyayenmu na hannunku, kuma wannan shi ne abin da ke hana da yawanmu barci. Muna turo kuɗi, na magani, na gwaji, na abinci, amma kuɗi ba ya tashi ƙarfe biyun dare ya kai tsohuwa bayi, kuɗi ba ya shimfiɗa tabarma a barandar asibiti ya kwana da filas da kwanon abinci sauro na cizo. Ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko uffan, mai zama da su kullum ita ke fama da ita, ba mai bugo waya ran Juma'a ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in naji ɗan waje na tuhumar 'yar'uwarsa ina aka kai kuɗin da ya turo, alhali ita ta bar sana'arta ta zauna.

Kuma ku ma abin ya fara zuwa muku, samari sun koma Abuja da Legas, kowa na gina nasa a Millennium City ko Barnawa, gidan gado ya rage mutane, sai ki ga jinyar ta faɗa kan mace ɗaya, ko autar gida ko surukar da ba ta iya cewa a'a. Don Allah ku gwada abin da larura ta koya mana, a rubuta kwanaki a raba, maza su ɗau nasu, musamman wankan Baba da kai shi asibiti. Game da Hajiya kuma ki turo min sunan wanda ke kwana da ita kowane dare, in matar Yaya babba ce kaɗai kamar yadda nake zato, ina so mu samo wata amintacciya cikin dangi da za ta riƙa karɓarta ko kwana biyu a sati, ni zan ɗau nauyin kuɗin motarta da abin sabulu, ke kuma ki yi wa Yaya babba maganar don ya fi jin taki.