Attarugunka ya langaɓe a tanti? Ɗaga tukunyar kafin ka ɗauko buta

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta bayaninka har sau biyu: attarugu shida da tumatir biyu a tantin shuka (ɗan tanti mai zif da fitila da ake renon shuka a ciki) cikin gareji, mako uku da dashe, ganye duk ya sunkuya, kana ban ruwa safe da yamma, jiya kuma ka ƙara musu taki ko za su farfaɗo. Tun ban kai ƙarshe ba na ji kamar labarina ake ba ni. Shekara ta shida ke nan ina noman attarugu da yakuwa cikin tanti a nan arewacin Ingila, kuma dashen farko da na yi, guda tara, ni na kashe su da hannuna. Ba da wuƙa ba, da buta.

Don haka roƙona na farko, yau kada ka ba su ruwa. Takin ma ka mayar da shi inda ka ɗauko shi.

Ganye yana miƙewa ne saboda ruwan da ya cika shi, kamar yadda iska ke riƙe taya. In ya langaɓe, ruwa ne bai isa gare shi ba, wannan gaskiya ne. Inda muke kuskure shi ne zaton cewa babu ruwan a tukunya. Saiwa tana numfashi, tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ƙasa ta kwana ta wuni a jiƙe sharkaf, iskar nan ta fita, ƙananan gashin saiwa masu tsotson ruwa su shaƙe su mutu. Sai ka ga shuka tana zaune cikin ruwa amma ƙishi na kashe ta. Kai kuma ka ga yaushi, tausayi ya kama ka, ka ƙara zuba wani. Haka ake ta yi har a rasa ta.

Kuma ban ga laifinka ba. Mu da muka taso muna ganin masu lambu a fadama, mun san ban ruwa safe da yamma shi ne aikin. Amma can akwai ranar da ke gasa ƙasa, ga iskar hunturu, ga ƙasa mai rairayi da ruwa ke wucewa ya yi ƙasa abinsa. A tanti fa? Tukunyar roba ce, fitila ce a sama, ga ƙasar leda, wato ƙasar shuka da ake saya a leda, mai riƙe ruwa kamar soso, an zuge zif an rufe. Ruwan da lambun gida zai shanye kafin azahar, tukunyar tanti sai ta yi kwana huɗu ko biyar tana riƙe da shi, balle yanzu a watan Janairu.

Ga yadda nake ganewa. Na ɗaga tukunya. Shi ke nan, babu wata na'ura. Ka samu tukunya irin tasu, ka cika ta da busasshiyar ƙasa daga ledar, ka ajiye a gefe. Ɗaga wannan, ɗaga waccan. In ta shukar ta fi nauyi sosai, akwai ruwa, ka bar ta. Ni har sikelin girki na uwargida na ara na yi wata guda ina auna su kullum da safe, ina rubutawa a jikin kwali, har hannuna ya koya. An yi min tsiya a gida, amma tun daga lokacin ban sake kashe shuka da ruwa ba. Ka haɗa da cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyin danshi, ƙasa ta manne maka a yatsa, lokaci bai yi ba.

Ganyen da kansa ma yana faɗa, in ka taɓa shi. Mai ƙishi laushi yake yi kamar tsumma, ya yi siriri, har da ƙaramin karan da ke riƙe shi duk su zube, kuma in ka ba shi ruwa, cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙe kamar ba shi ba. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa ganyensa a cike yake, da kauri, sai dai ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙugiya, na ƙasan su fara rawaya, kuma ko ka zuba masa tulu guda ba zai ɗago ba. Juya bayan ganyen attarugun ka duba. In ka ga wasu 'yan ƙuraje farare kamar an barbaɗa gishiri, ba ƙwari ba ne, ruwa ne ya yi wa ganye yawa har ya fasa. Haka in ka girgiza tukunya ka ga ƙananan baƙaƙen ƙudaje sun tashi daga ƙasar. Jiƙaƙƙiyar ƙasa suke so, a nan suke ƙwai, tsutsotsinsu kuma suna cin ƙananan saiwa.

In kana son ka tabbatar, zaɓi wadda ta fi jigata, ka sa karan tsakanin yatsunka, ka kife tukunyar a tafinka ka zare ta a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, ƙasar kuma tana ƙamshi irin na ruwan farko. In ka tarar ta yi ruwan ƙasa, tana yauƙi, ka ja ta fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare a hannunka, ga warin kwata, to ruɓa ta shiga. Ranar da na fara ganin haka a nawa, na daɗe tsugune a bakin tanti da dunƙulen ƙasa a hannu, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsuna, ina tuna cewa da safen nan na ƙara musu lita guda guda.

Ba ka faɗi girman tukunyar ba, amma ina zargin ka ɗauke su daga ƙaramin kofi ka kai su babban bokiti kai tsaye. Kusan kowa haka yake yi, don a huta da dashe sau biyu. Matsalar ita ce saiwar ba ta wuce dunƙulen hannu ba, sauran ƙasar duk babu mai shan ruwanta, sai ta zauna a jiƙe. Attarugu kuma ba mai sauri ba ne, tumatir ya fi shi ci da sha nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a yi musu ban ruwa rana ɗaya, mudu ɗaya. Ni daga kofi nake kai su tukunyar lita 1, sai lita 4 ko 5, sai ta ƙarshe mai lita 12 zuwa 15. Kuma ina cakuɗa ƙasar da farar tsakuwar nan mara nauyi da ake kira falayit, kashi ɗaya cikin huɗu, don iska ta samu hanya. Ka duba ramukan gindin tukunya, ka kuma zubar da ruwan da ya taru a farantin ƙasa. Kada ya kwana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a bayaninka: kalmar gareji. A shekarata ta biyu na gyara ban ruwa tsaf, amma shuke-shuken suka ci gaba da sunkuyawa. Ma'aunin zafin da na rataye a sama kusa da fitila yana nuna digiri 26, ina ta murna. Wata asuba, bayan na idar da salla, na sauke shi na ɗora a kan siminti kusa da tukwane. Digiri 11. Wato kan shuka yana Kano, ƙafarta tana Ingila. Attarugu ɗan ƙasar zafi ne, yana son 21 zuwa 28 da rana, kuma in saiwarsa ta yi ƙasa da 15 sai ta rage tsotson ruwa ƙwarai, alhali fitila na sama tana jan ruwa daga ganye. Sanyi da jiƙa in suka haɗu, su ne suke buɗe wa ruɓa ƙofa. Maganin bai kai kuɗin shayi ba: ɗaga tukwanen daga siminti, ka shimfiɗa katako ko farin kumfan nan da ake ƙunso talabijin da shi. Ruwan famfo na sanyi kada ka zuba shi kai tsaye, tara shi a bokiti ya kwana cikin ɗaki. Sannan na juya lokacin fitila, tana kamawa da magariba ta kwana a kunne, ta mutu da hantsi, don ɗuminta ya rufe sa'o'in da sanyi ya fi tsanani. Awa 14 zuwa 16 ta ishe su.

Fitila da fanka ba na jin su ne matsalarka, amma ka duba. In ganyen saman ne kawai suke yaushi, suna koɗewa, gefensu na naɗewa sama, fitila ta yi kusa, ɗaga ta. Fanka kuma kada ta huro shuka ɗaya kai tsaye dare da rana, juya ta ga bangon tanti, ganye ya riƙa motsi kaɗan kawai. Fanka mai fitar da iska ta saman tanti ta riƙa aiki, danshin iskar ciki ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. In ka buɗe zif ka ga bango na zufa, ya yi yawa. Wani abu kuma, attarugu yakan ɗan sauke ganye dab da mutuwar fitila ya ɗago in ta kama. Wannan barci ne, ba ciwo ba. Don haka ka riƙa duba su awa biyu bayan fitila ta kama, a nan ne gaskiyarsu take.

Batun takin jiya. Takin zamani gishiri ne, ka san abin da gishiri ke yi wa yankakken tumatir a faranti, ruwa yake tsotsowa. Haka yake yi wa saiwar da ta riga ta raunana. Ƙasar leda ma takan zo da abincin da zai kai mako huɗu zuwa shida, don haka a mako na uku ba yunwa suke ji ba. Za a ce maka ka wanke ƙasar da ruwa mai yawa. Shawara ce mai kyau ga tukunyar da ke tsanewa, amma taka a jiƙe take, wanki yanzu ƙarin dutse ne a kan mai nutsewa. In na tsaba ne ka barbaɗa, kwashe shi da cokali tare da ƙasar sama. In na ruwa ne, bari tukunya ta yi sauƙi tukuna, ban ruwa na gaba ka zuba zalla har ya fito ta ƙasa.

Cuta ita ce ta ƙarshe da nake zargi, tunda duka takwas ɗin ne suka sunkuya tare. Cuta takan kama ɗaya ko biyu ta bar saura, wani lokaci ma gefe ɗaya na shukar. In ka ga haka, yanka karan, in cikinsa ya yi ruwan ƙasa, fitar da ita da ƙasarta gaba ɗaya, ka wanke tukunyar.

Kada kuma ka tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, ka bar ƙasar ta bushe fiye da kima. Ƙasar leda in ta bushe ƙamas takan ja baya daga jikin tukunya ta daina karɓar ruwa, ka zuba ya zurare ta gefe ya fita, ka zaci ta ƙoshi alhali tsakiyar a bushe take. In haka ta faru, tsoma tukunyar a kwano mai ruwa na minti 20 zuwa 30 ta sha ta ƙasa.

Waɗanda saiwarsu ke da sauran fari za su tashi in sha Allahu. Wadda ta ruɓe sosai, yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ka mayar da ita ƙaramar tukunya da sabuwar ƙasa mai ɗan danshi, ka ɗan rage mata hasken fitila na 'yan kwanaki. In akwai fure ka tsinke, ba lokacinsa ba ne. Tsofaffin ganyen da suka lanƙwashe wasunsu ba za su ƙara miƙewa ba, kada su tayar maka da hankali, sabon toho na sama za ka riƙa kallo. Nawa sun ɗauki kusan kwana goma kafin na ga tohon da ya tsaya da kansa. Kuma don Allah kada ka canza komai da komai rana ɗaya. Dakatar da ruwa, ɗaga su daga siminti, sai ka jira kwana uku ka gani.

Gobe da asuba ka ɗora ma'aunin zafi a gindin tukwanen ka faɗa min abin da ya nuna, da lita nawa tukunyar take ci. In ka zare ɗaya, turo hoton saiwar a kan farar takarda, don hasken fitilar tanti yana ɓata launi.