Hannuna ya danna "Don't Save" kafin idona ya karanta

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Aboabo, nan Kumasi. Shekaranjiya na buga wa wani ɗalibi shafi 14 a Word. Da na zo rufewa akwatin nan mai tambayar ko a ajiye ya fito, hannuna ya danna "Don't Save" kafin idona ya karanta. Shekara 6 ina wannan sana'a. Sakaci ne? Kuma aikin zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da dawowar, don tana da wa'adi. Tun daga Word 2010, takardar da ba a taɓa ajiyewa ba, manhajar kan riƙe kwafinta kwana 4. Ki shiga File, sai Info, sai Manage Document, ki zaɓi Recover Unsaved Documents. In kin ga fayil mai wutsiyar .asd, ki buɗe, ki ba shi suna ki ajiye nan take. Layukan ƙarshe ƙila su salwanta, domin duk minti 10 Word ke ɗaukar kwafin.

Sakaci kuwa, ban yarda ba. Ƙwarewar ce ma ta ja miki. Wanda ke kasuwanci a bakin tashar Kejetia ya daina jin ihun yaran mota, baƙo ne kawai ke waiwaye. Haka akwatin nan: kin rufe takardun banza ba adadi, kullum "Don't Save" ce amsar da ta dace, har hannu ya haddace. Abin haushin shi ne, da kin rubuta harafi ɗaya da kin rubuta shafi 14, kusan fuska ɗaya yake fitowa da ita. Ina ido zai gane yau ta bambanta?

A 2007 Aza Raskin, masanin tsara manhaja a Amurka, ya ja kunnen masu sana'arsa cewa inda ake iya ba mutum hanyar komawa baya, kada a ba shi gargaɗi. An fara jin maganarsa. Notepad na Windows 11 tun 2023 ba ya tambaya in an rufe shi, sai dai ya dawo da rubutun idan an sake buɗewa. Google Docs ma yana ajiye tarihin gyara, sai dai yana cin data.

A shagonki, ki shiga File, Options, Save, ki mai da minti 10 ɗin nan 2. Kafin ki buga ko bisimilla, ki fara ba takardar suna, sannan Ctrl da S duk ƙarshen sakin layi. Dumsor dai, wato ɗauke wuta, ko akwatin tambaya ba ya nunawa.