Kafin ki nemi gurbin karatun aikin jin daɗin jama'a a Ingila

Ƙanwata, saƙonki mai tambayar yadda za ki shiga karatun aikin jin daɗin jama'a ya iso, kuma ba ke kaɗai ke yin tambayar nan ba. Kin ce kin yi shekaru kina jinyar mahaifiyarki, kin san ciwon mai ciwo, shi ya sa kike son wannan karatun.

Fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Mai kula da tsofaffi a gidan jinya daban, ma'aikacin jin daɗin jama'a daban. Na biyun doka ce ta tsare sunansa, ba ki isa ki amsa shi ba sai kin yi rajista da hukumar Social Work England. Digiri shekara 3 ne, mastas 2, da kwana 200 na koyon aiki, ga binciken DBS, wato duba ko akwai laifi a tarihinki.

A ganawar shiga za su tambayi abin da ya kawo ki. Ki faɗi jinyar, amma abin da suke kasa kunne a kai shi ne ko mikin ya warke.

Ga inda yake ɓallewa. Kin shiga gidan wata tsohuwa, kwanuka jibge, ƙwayoyin maganin mako guda ba a taɓa ba, ta ce ba ta son kowa. Zuciyarki za ta ga mahaifiyarki. Dokar 2005 kan ikon yanke wa kai hukunci (Mental Capacity Act) kuwa cewa ta yi a ɗauka tana da hankalin yanke wa kanta hukunci sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin ganganci ba hujja ba ne. Wani lokacin haka za ki rubuta rahoto ki ja ƙofa, ranki na suya.

Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari. Wanda ya sha wuya yana ƙarami yakan raina ta wani. Ki ga shatar duka a cinyar yaro ki ce a ranki ai kin ga fiye da haka. Sashe na 47 na Dokar Yara ta 1989 bai san wannan ba, bincike ya wajaba idan akwai zargin cutarwa mai tsanani. Rubuta abin da idonki ya gani, girmansa da wurinsa, ra'ayinki a layi daban.

Lambar wayarki ta gida, kuɗin aljihunki, labarin rayuwarki, duk ki riƙe abinki. Inda ake sauke su shi ne zaman bita da mai duba aikinki: a shekarar farko ta aiki, duk mako har mako 6, sannan duk mako biyu har wata 6, daga nan duk wata. Idan aka fara ɗage zaman saboda aiki ya yi yawa, ki nemi sabuwar rana a rubuce.