Abin wuyan kare mai rimot: in saya ko in bari?

Tambaya: Ina da garka a bakin Gulbin Maradi, wajen Tibiri, da kare mai gadinta. Sai dai yana bin awakin maƙwabta, har ya ciji wata jar akuya na biya. Na ga tallar abin wuya mai rimot a Facebook. In saya?

Amsa: Malam, sannu da asara. Abin nan aiki uku yake yi in ka latsa rimot: ya yi ƙara, ko ya girgiza kamar salula, ko ya ja kare da wutar lantarki ta wasu ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuya. Na ukun nan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kare bai san daga ina zafin ya fito ba. In wutar ta ja shi yana kallon yaron da ke kiwo, sai ya ɗora laifin a kan yaron, ka ga an gudu ba a tsira ba. Yankin Wales na Birtaniya ma ya haramta irinsa tun 2010.

Fara da igiya mai tsawon mita 10 da ɗan guntun kilishi a aljihu. Da sanyin safiya ka kira sunansa, in ya juyo ya zo ka ba shi nan take. Kullum haka, daga nesa da awaki, sannan ka riƙa matsowa a hankali. Sai ya san kira sarai girgizar za ta yi amfani, ta zama kamar ka dafa kafaɗarsa daga can ƙarshen garka.

In za ka saya, nemi mai ƙara da girgiza kawai, wanda ruwa ba ya shiga, tunda wurin ban ruwa yake yini. Kada ka sa wa ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Ka riƙa cire shi kullum kana duba wuyan, don a zafin Afrilu abin wuyan kan jawo gyambo a ƙarƙashin gashi ba ka sani ba.

Amma kafin duk wannan, an yi masa allurar ciwon haukan kare? Kare mai cizo ne fa, ga yara na kai da kawowa. Kai shi wurin likitan dabbobi a makon nan.

Tambaya: Karena kan ɓace kwana biyu a daji wajen Dakoro. Abin wuya mai GPS, wanda ke nuna inda kare yake, zai taimaka?

Amsa: Yawancinsu da layin waya suke aiko maka da wurin da yake. Inda salularka ba ta kamawa, shi ma shiru za ka ji. Tambayi mai sayarwa kwana nawa batirin ke yi, kuma ka ɗinka lambarka a jikin abin wuyan.