Ɗinkin gwiwar Baba da bai daina tsatsafa ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an sauya masa gwiwa yau kwana 8, bandejin bai daina jiƙewa ba, kina tunanin goge wurin da sifirit ki sayo masa antibayotik. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Ki kira likitan da ya yi aikin yau ɗin nan.

Ni na yi jinyar mahaifiyata bayan irin wannan aikin. Ɗan ruwa-ruwan jini a kwanakin farko ba komai ba ne, balle ga mai shan maganin tsinka jini. Amma ɗinkin da ya haura mako yana tsatsafa, ƙofa ce buɗe har zuwa ƙarfen da aka dasa. Ƙwayar cuta in ta kama jikin ƙarfe, yauƙi take lulluɓa wa kanta, magani ba ya ratsa shi sosai. Antibayotik ɗin da kika sayo da kanki danne alamun kawai zai yi, ranar da likita ya ɗebi ruwan gwiwar don gwaji a rasa gane wace ƙwaya ce. In an kama abin da wuri, sau da yawa wanke wurin ake yi a ɗakin tiyata; in an makara, har ciro ƙarfen ake yi.

Kafin ku je, ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da za ki taɓa bandejin, kada a jiƙa wurin, kada a shafa mai ko hoda. Masu zuwa dubiya kowa da nasa maganin, ki yi musu godiya ki ajiye.

Kumburi da ɗumi kuwa Mama ta yi watanni da su, gefen tabon ta waje ma ya yi dindiris, likita ya ce ba matsala. Muna naɗe ƙanƙara a tawul minti 15 zuwa 20, mu ɗaga ƙafar, amma filo a ƙarƙashin diddige, ba gwiwa ba. Cire ɗinki yawanci kwana 10 zuwa 14 ne.

In jan wurin yana faɗaɗa, ko mugunya da wari, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, ku tafi ko da tsakar dare ne. Numfashi na sarƙewa kuwa, gudan jini ake tsoro, sai sashen gaggawa. Baba yana da ciwon suga? In yana da shi, ki tafi da takardar awonsa.