Amsar Kawu kan Bayajiddan da ya rufe rijiya

Ɗana, saƙonka ya same ni tun ranar Talata tare da zanen nan guda huɗu. Na jinkirta amsa ne don tambayar ba ta tsaye ba ce, sai an zauna. Ka ce kana son zana labarin Bayajidda, amma a naka, bayan ya sare kan macijin sai ya ɗora murfi a bakin rijiyar Kusugu, ya ce daga yau ba mai jan ruwa sai da izininsa. Ka ce Homelander, mugun jarumin nan na mujallar zane da fim ɗin Amurka mai kama da Superman, shi ne ya sa maka wannan tunani, kuma mahaifiyarka ta ce ba a yin haka a al'adarmu, jarumin kakanni ba abin juyawa ba ne. Kana son ka ji ko da gaskiyarta.

Da gaskiyarta, kai ma da taka. Bari in fara da Turawan da ka ɗauko abin a wajensu, tun da na riga ka karatun mujallun zanen nan. Muna sakandare a Zariya muke sayen tsofaffinsu a Sabon Gari, wasu ko bango babu, mu yi ta karɓa-karɓa har su yage.

Mutane da yawa ba su san cewa Superman na farko mugu ne ba. A 1933 wasu samari biyu a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fitar da gajeren labari a kan wani talaka da aka ɗauko daga layin karɓar abincin sadaka. Wani masanin kimiyya ya ɗura masa magani, ya sami ikon karanta zukatan mutane da juya su, nan take ya shiga neman mallakar duniya. Sai a 1938 samarin suka fito da mai jar alkyabbar da kowa ya sani, jaririn da aka turo daga duniyar da ke shirin tarwatsewa, aka tsince shi aka rena. Ka ga ke nan su kansu da suka zauna suna tunanin mutumin da ba mai iya taɓa shi, mugunta ce ta fara zo musu a rai. Mai kirkin daga baya ya zo.

Daga nan miyagun takwarori suka yi ta fitowa. A 1945 aka yi Black Adam, mutumin tsohuwar Masar da boka Shazam ya ba irin ƙarfin da daga baya ya ba Captain Marvel, wani jarumin mujalla mai kama da Superman, sai ƙarfin ya hau wa Black Adam ka. A 1958 aka yi Bizarro, kwafin Superman na ƙuruciya da bai fita daidai ba, komai nasa a baibai, shi abin tausayi ne ma fiye da abin tsoro. A 1964 kuwa ƙungiyar su Superman ce gaba ɗaya aka juya: wata duniya inda Ultraman da Owlman da Superwoman suke 'yan fashi, har koren dutsen nan da yake makarin Superman, shi Ultraman ƙarfi yake ƙara masa. Duk waɗannan ba su tayar wa kowa da hankali ba, ga shi kuma tun 1954 masu buga mujallun suka ɗora wa kansu doka bayan an yi ta ƙorafin suna ɓata yara, kuma cikin dokar akwai cewa dole a kowane labari alheri ya rinjayi sharri. Mugun takwara zai fito ya yi ɓarnarsa, a shafi na ƙarshe a kayar da shi, yaro ya rufe mujalla ya yi barci.

Wanda ya fi kusa da abin da kake son yi daban ne, kuma ina so ka nemo shi ka karanta. A 1969 kamfanin Marvel ya kwaikwayi jaruman abokin hamayyarsa DC, kamfanin da ke da Superman, ya sauya musu suna da tufafi: Superman ya zama Hyperion, Batman ya zama Nighthawk. Sauya sunan ba don ado ba ne. Masu Superman sun taɓa kai kamfanin Fawcett ƙara a 1941 a kan Captain Marvel ya yi kama da nasu, aka yi ta shari'a har 1953 Fawcett ya haƙura ya daina buga shi, don haka kowa ya shiga taitayinsa. To a 1985 wani marubuci Mark Gruenwald ya ɗauki waɗannan kwaikwayon ya yi musu labari mai kashi 12. Ƙasa ta lalace, sai jaruman suka ce su za su karɓi mulki na shekara guda su gyara komai. Kuma da zuciya ɗaya suka faɗa. Suka raba abinci, suka ƙwace bindigogi, suka ƙera na'urar da ke sauya halin mai laifi ya zama na kirki ko yana so ko ba ya so. Ba a jima ba ɗaya daga cikinsu ya ɗauki na'urar ya yi amfani da ita a kan matar da ta ƙi aurensa. Nighthawk, wanda ba shi da wani ƙarfi sai hankalinsa, shi ya fita daga cikinsu tun farko ya ce ba zai yarda ba. Ban taɓa mance wannan labari ba, don babu wanda ya fara da niyyar zalunci a cikinsu. Marubucin ya so aikin nan ƙwarai, har bayan rasuwarsa a 1996 aka gauraya tokar gawarsa cikin tawadar da aka buga littafin da ita, bisa wasiyyarsa. Wannan al'adarsu ce, mu Allah ya tsare mu da ita, amma ta nuna maka nauyin abin a zuciyarsa.

Saurari wannan kuma, don maganar mahaifiyarka ce sak a bakin Bature. A 1983 DC ya sayi jaruman wani ƙaramin kamfani, Charlton. Alan Moore, marubuci ɗan Ingila, ya nemi a ba shi su ya yi labarin da zai tona asirin jarumtaka. Edita Dick Giordano ya karanta shirin, ya ga idan an gama da su ba za su sake moruwa ba, ya ce masa ya ƙirƙiro nasa. Haka aka sami labarin Watchmen a 1986, inda ya kwaikwayi jaruman Charlton da sababbin sunaye: Question ya zama Rorschach, Captain Atom ya zama Doctor Manhattan, Peacemaker ya zama Comedian. Labarin ya fi ƙarfi da sababbin sunayen, su kuma na asalin suka tsira da mutuncinsu. Homelander ɗinka ma haka ne. Garth Ennis da Darick Robertson sun fara labarinsa a 2006 ƙarƙashin wani reshe na DC, bayan fitowa 6 kamfanin ya janye hannu, sai a wani gidan suka ƙarasa. Ba ko sau ɗaya da aka kira shi Superman, amma wa ya kalle shi bai gane ba? Yana tashi sama, wuta na fita daga idonsa, alkyabbarsa tutar Amurka ce.

Yanzu mu dawo gida. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa a tsakar gida bayan isha. An yi wa 'yar bora ƙazafin fitsari a kan kirgi, aka kore ta ta je ta wanko shi a ruwan Bagaja. A hanya ta yi ta tarar da koguna na abinci, kowanne ya ce ta ci, ta ce a'a, aike aka yi mata. Ta iske cinya da kare a bukka, ta gaida su da ladabi ba ta yi dariya ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi ta dafa, ta dafa ba gardama. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa inda aka ce, sai ga dawakai da dukiya. Mowa ta gani, hassada ta kama ta, ta tura tata 'yar. Hanyar ita ce dai, kogunan su ne, cinya da karen su ne. Ta ci ta yi nak a kowane kogi, ta yi wa masu bukka izgili, ta wawuri babban ƙwai, ta dawo gida da ƙudaje da tsiya. To mece ce 'yar mowa in ba muguwar takwarar 'yar bora ba? Gida ɗaya, uba ɗaya, tafiya ɗaya, reno ne ya bambanta. Haka Superman da Homelander. Ɗaya manoma biyu suka tsinta a Kansas, Jonathan da Martha, suka koya masa kunya da tausayi kafin ya san iyakar ƙarfinsa. Ɗayan kamfani ne ya rene shi a ɗakin gwaji, ba uwa ba uba, ba wanda ya taɓa ce masa bari, ya girma yana yunwar a so shi. A 2003 ma wani ya gwada tambayar ta wata fuska, ya saukar da jirgin jariri Superman a gonar gwamnati a Yukiren zamanin Tarayyar Sobiyet don a ga me zai zama. Tambayar da kakarka take yi mana ce da dare, ba tare da ta taɓa ganin mujalla ba.

Ba tatsuniya kaɗai ba. Matan fada suna wasan gauta, wata ta yi shigar sarki, wasu su yi ta hakimai, su kwaikwayi maganarsa da tafiyarsa da yadda yake yanke hukunci, shi kuma yana kallo ya ga kansa. 'Yan kama suna naɗa rawani su zauna kamar malamai, su yi ta jan baƙi alhali duk zancen tuwo da miya ne, jama'a na dariya, malamin da ya cika kwaɗayi kuwa ya san da shi ake. Saboda haka duk wanda ya ce maka Bahaushe bai san juya babba don a ga aibinsa ba, bai duba da kyau ba.

Sai dai ka lura da yadda muke yi. Mu habaici muka iya. Ba a kama suna, a bar mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as. Tatsuniya kuma tana da ƙofar shiga da ta fita: a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, har mai bayarwa ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaro ya san an shiga duniyar ƙarya an fito. Bayajidda ba ya cikin wannan ɗaki. Masana tarihi na iya ta muhawara a kan ko mutum ɗaya ne ko labarin zuwan wata al'umma ne aka dunƙule, amma Kusugu tana nan a Daura, mutane na zuwa su sha ruwanta, akwai masarauta da zuriyoyi da suke danganta kansu da shi da Daurama da ɗansu Bawo. Ranar da ka sa sunansa a kan azzalumi ka watsa a waya, ba wanda zai tsaya ya ji hikimar labarinka, rigimar suna za a yi, kuma waɗanda za su ji ciwo suna da hujja. Nan ne gaskiyar mahaifiyarka take, ina bayanta a kai.

Shawarata, ka yi abin da Giordano ya sa Moore ya yi. Ka ba baƙonka wani suna, ka ba garin wani suna. Ka bar rijiyar, ka bar macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai rana ɗaya a mako, ka bar baƙon da ya iso da dare a kan dabbar da mutanen garin ba su saba gani ba. Duk Bahaushe zai gane inda ka dosa.

Akwai abin da ya dame ni a zanenka na uku. Ka ba shi jajayen idanu da murmushin mugunta tun yana shigowa gari. In haka ne ai ba labari, wani macijin ne kawai ya kashe wani. Ka bar shi ya shigo da ƙishirwa ta gaske, ya kashe macijin don tausayi na gaske. Rufe rijiyar ma ka ba shi dalilin da mai karatu zai gyaɗa kai: ranar farko mutane sun yi turereniya har yaro ya faɗa ciki, ko ruwan ya fara ja da baya saboda yawan ɗiba. Ya sa murfi don ya kare su. Sai ya sa mai gadi, sai mai gadi ya fara karɓar na goro, sai wanda ya yi gunaguni a hana gidansa ruwa kwana uku. Wata rana a wayi gari ana jan ruwa sau ɗaya a mako kamar da, kuma ba mai iya magana, don kowa na tuna shi ne ya cece su. Maroƙa kuma kada ka manta da su, su ne za su yi ta zuga shi har ya daina jin kowace murya sai tasu.

Kada kuma ka ɗebo jini da batsar fim ɗin Homelander ka zuba a naka. Na kalli kashi biyu da yayanka na ce ya kashe, ba abin da za a kalla da iyali ba ne, kuma ƙannenka za su ga zanenka a wayar uwarsu. Akwai wani haɗarin ma da ya fi wannan. Moore ya rubuta Rorschach don a ji tsoron irinsa, sai ga masu karatu da yawa sun mayar da shi gwarzonsu, abin ya dame shi har ya sha faɗa. Yanzu ma ina ganin samari na liƙa hoton Homelander a shafukansu suna yaba isarsa. Idan azzaluminka ya fi kowa kwarjini a labarin, kuma ba wanda ya tsaya gabansa, yara shi za su so. Dole a sami mai ce masa a'a. A labarin Daura akwai tsohuwar da baƙon ya sauka a gidanta, Ayana, wadda ya roƙa ruwa ta ce babu sai Juma'a, ta ba shi guga. A naka labarin irin wannan tsohuwar ce kaɗai ta san shi tun yana baƙo mai ƙishirwa, ita ce za ta iya zuwa ƙofar fada ta ce a ba ta gugarta. Ban ga ka zana ta ba ko sau ɗaya cikin shafi huɗun nan.

Rijiyar da ka zana kuma ta Turawa ce, mai rufin katako da abin murɗawa, irin ta cikin katun. Idan ka zo hutun Sallah za mu shiga mota mu je Daura ka ga Kusugu da idonka, ka ga yadda bakin tsohuwar rijiya yake, ka riƙe igiya da guga a hannunka kafin ka sake zanawa. Ka taho da takardunka da fensir. Ka gaida mahaifiyarka, ka karanta mata wannan saƙo tun daga farko, kada ka tsallake inda na ce da gaskiyarta.

Kawunka.