Amsa ga Hajiyar da ta zuba ƙwai 56 a inji ta samu tsaki 11

Assalamu alaikum. Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Kin ce kin sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 56, kin cika shi da ƙwan kaji na kasuwa a watan Mayu nan Tawa ta Nijar, tsaki 11 kaɗai suka fito, su ma tun kwana na 19 suka fara fasawa, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba. Kina tambaya ko injin ne ba shi da kyau, kuma ko ki yi kasadar zuba ƙwan zabi da damina.

Kada ki mayar da injin tukuna. Fitowa a kwana 19 da cibiya a buɗe shaidar zafi ce, ya yi musu yawa. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a kan digiri 37.5 zuwa 37.8. In zafi ya haura sai su yi gaggawar fitowa a raunane, in ya gaza sai su kai kwana 22 ko 23. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne, wannan inji ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Da rana a watan Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 42, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Ɗakin da ya kai 41, injin da ke cikinsa ba zai tsaya a 37.5 ba ko da ya kashe wutarsa gaba ɗaya. Ga shi daga wajen kwana 14 ƴan tsakin da ke cikin ƙwai su ma zafin jikinsu suke fitarwa. Awowi kaɗan a kan 41 sun isa su kashe na ciki, alhali sanyi na awa uku ko huɗu jinkiri kawai yake kawowa.

Saboda haka wurin ajiye inji ya fi sunan kamfaninsa muhimmanci. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na siminti da kwano nesa ba kusa ba. Ki sa shi ƙasa-ƙasa a kan ɗan benci, nesa da taga da hasken rana, ki bar tazara tsakaninsa da bango don iska ta zaga. Farin soson nan da yake zuwa a lulluɓe da shi rigar hunturu ce, da bazara ki cire. Ki jiƙa buhu ki rataya a taga, ki yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tsakanin azahar da la'asar. In duk da haka kika ga lambar zafi a allon injin ta haura 39, ki ɗaga murfi na ƴan mintuna, ki zuba ruwan randa a kwatarniyar ruwansa. Ni dai a ganina, wanda ba shi da ɗaki mai sanyi ya huta daga ƙarshen Maris zuwa saukar ruwa, ya yi aikinsa daga Yuli zuwa Fabrairu.

Sannan kada ki yarda da lambar da ke kan allo sai kin gwada ta. Ki sayi ma'aunin zafi na asibiti a farmasi, ki kunna injin ba ƙwai na kwana ɗaya cur, ki ajiye ma'aunin daidai tsayin bayan ƙwai, ki duba tsakiya, ki duba kusurwoyi. Bambancin rabin digiri ba abin rainawa ba ne a kwana 21. In allo ya ce 37.6 ma'auni ya ce 38.4, a yawancin ƙananan injinan nan na ƙasar Sin akwai wurin gyara a cikin maɓallin SET, mai alamar CA. In ba ki gane shi ba, ki rage lambar da kika saita da gwargwadon bambancin, shi ke nan.

Amma zafi kaɗai ba zai cinye ƙwai 45 ba. Ina kyautata zaton da yawansu sun mutu tun ba su shiga inji ba. Ƙwan kasuwa ba ki san kwanansa ba, ba ki san ko akwai zakara a gidan da ya fito ba, ya sha rana a faifai, ya sha jijjiga a bayan kabu-kabu daga ƙauye. Ƙwai mai zakara in ya zauna a wurin da ya wuce digiri 25 ko 26, halittar ciki takan ɗan motsa da rana, ta tsaya da dare, har ta gaji ta mutu. Ƙwan gidan gona kuwa, irin na kiret da ake soyawa da burodi, galibi ba zakara a cikin kajin, ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito. Ki nemi ƙwai daga gidan da kika ga zakaran da idonki, zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, a riƙa kwashewa safe da yamma. Kada ya wuce kwana bakwai da sakawa, da zafi ma kwana huɗu zuwa biyar. Ki jera shi tsini ƙasa, a gindin randa ko cikin tukunyar ƙasa da aka girke a kan jiƙaƙƙen rairayi. Ban da firiji, sanyinsa ya yi yawa. Ban da wankewa, domin ɓawon yana da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na tafiya da shi. Mai ɗan kashi a kankare da busasshen tsumma, mai ƙazanta da yawa a kai kicin. Mai tsagu, da ƙato fiye da kima, da ɗan mitsitsi, da zagayayye kamar lemo, duk a ware. Wanda ya yi tafiya ya kwana ɗaya a zaune kafin ya shiga. In kina shakka, fasa biyu a faranti ki dubi farin ɗigon da ke kan gwaiduwa: in ya yi da'ira mai zobe kamar idon kifi, akwai zakara, in ɗan tabo ne ƙarami mara siffa, babu.

Sai maganar laima, wato danshin iskar cikin inji, wadda a ƙasarmu ba ta da lamba ɗaya shekara duka. Ƙa'ida ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari daga ranar farko zuwa kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Da hunturu iska a bushe take ƙamas, ruwan inji na ƙafewa kullum, sai kin cika kwatarniya biyu kin ƙara da soso. A watan Agusta kuwa iskar ɗaki ma ta ishe shi, kina iya yin kwanaki da ruwa kaɗan ko babu. Faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara laima, zurfinsa daɗewa kawai yake ƙarawa. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi in ba sanyayawa kike son yi ba.

Ma'aunin laimar injinan nan ya fi na zafi ƙarya, musamman in ƙura ta hau shi. Ƙwan da kansa shi ne ma'auni na gaskiya. Ana son ya rage kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa kwana 18. Ki yi wa guda goma alama da fensir ki auna su tare: in giram 400 ne ranar farko, ranar 9 su kasance wajen 375, ranar 18 wajen 350. Sun fi haka nauyi, ki rage ruwa. Sun fi haka sauƙi, ki ƙara.

In babu sikeli, tocila ta isa. Ranar 7 da dare ki kashe fitila, ki dunƙule hannu a bakin tocilar waya, ki ɗora faffaɗan kan ƙwai. Mai rai za ki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsaka yana lilo, idon ɗan tsakon ke nan. Wanda haske ya ratsa fes ba komai, babu zakara. Wanda kika ga jan zobe ya zagaye shi kamar an ja da biro, ya fara ya mutu. Waɗannan biyun ki fitar, in kina kokwanto ki ba su zuwa ranar 10. Barin su ba tausayi ba ne, ɗaya in ya ruɓe ya fashe sai ya shafa wa sauran. A sama kuma za ki ga fili mai haske, ɗakin iska, ki zagaye iyakarsa da fensir. Ranar 14 ya faɗaɗa, ranar 18 ya kusan cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, sauran duk ya yi duhu. Kowane dubawa kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar.

Juyawa injin ke yi da kansa, galibi duk awa biyu, amma ƙaramin motar juyin kan tsaya shiru ba ƙara ba gargaɗi. Ki lura da gefen da tiren ya karkata da safe, ki sake dubawa da hantsi.

Ranar 18 ki cire tiren juyi, ki shimfiɗa tsumma mai kaushi a kan ragar ƙasa, ki kwantar da ƙwai a gefensu, ki cika ruwa, ki buɗe ƙofofin iska, ki rufe murfi. Daga nan sai haƙuri, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗan tsako in ya huda ɓawo yakan yi awa 12 har 24 yana hutawa yana shanye sauran gwaiduwa kafin ya zagaye ya fito. Yara su ji "tsiyau-tsiyau", a ɗaga murfi a leƙa, maƙwabciya ta shigo a sake ɗagawa. Kowane ɗagawa laimar na fita, farar fatar ciki ta bushe ta ɗaure shi kamar leda, ya mutu da baki a waje. Kada a ɓare masa. In ya wuce kwana guda cur bai ci gaba ba, a jiƙa fatar da auduga da ruwan ɗumi, a ɗan ɓalle ɓawo kaɗan, da an ga jini a tsaya a mayar. Waɗanda suka fito su zauna ciki har gashinsu ya bushe ya tashi. Gwaiduwar cikinsu na riƙe su kwana biyu ba ci ba sha. A kwashe su sau ɗaya ko sau biyu a yini, da sauri.

Batun ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, mutane na cewa a lulluɓe da bargo. Wannan na daren Disamba da Janairu ne, shi ma a bar ƙofofin iska, a jingina buta ko kwalaben ruwan ɗumi a jikinsa. In wuta ta tafi da tsakar rana da zafi, ƙwai kuma sun wuce mako biyu, fanka ta tsaya, zafinsu na taruwa ciki, bargo a lokacin kisa ne; ɗan ɗaga murfi ake yi. Ki duba bayan injin, da yawa suna da wayar batir ta bolt 12. Mai cin wat 80 a kan batir na amfiya 100, in ba a so a tsotse batirin ya wuce rabi, zai ba ki awa bakwai ko fiye, tunda ba kullum wutar ɗumamawar ke ci ba. Da fanon sola ɗaya mai caja shi, kin rabu da fargaba.

Yanzu zabi. E, ki zuba, damina ce lokacinsu, amma ki bar ruwa ya zauna, domin ƙwan farkon saka sau da yawa ba ya da namiji. Kuma zabo ba kamar zakara ba ne, garke mai namiji ɗaya ga mata goma da yawan ƙwansa fanko ne. Ɗaya ga huɗu ko biyar ya fi. Kwanansu 26 zuwa 28, zafi ɗaya da na kaza, a tsayar da juyi wajen kwana 24. Ɓawonsu na da kauri da zane, tocila ba ta ratsa shi sosai, ki bari sai ranar 10. Kada ki zuba su rana ɗaya da na kaza: tsakin kaza za su fito su ɓata injin da gashi da kashi alhali na zabi na buƙatar juyi. In dole ne a haɗa, na zabi su riga shiga da mako guda. Ƙwan talotalo kwana 28 yake yi, na agwagwar gida 35.

Ƴan zabi sun fi mutuwa bayan fitowa. Sanyi da jiƙa ne ajalinsu. Makon farko suna son 33 zuwa 35 a ƙarƙashin ƙwan fitila ko kusa da tukunyar garwashi mai murfi, ana rage wajen digiri uku duk mako. In sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi. In sun watse gefe suna haki, zafi. A zuba tsakuwa a mazubin ruwa don kada su faɗa su nutse. Kada a shimfiɗa musu leda ko takarda mai santsi, ƙafafunsu kan baje su kasa tsayuwa. Buhu ko buntun shinkafa ya fi. Tsakin gero kaɗai ba ya isar su, suna son abincin ƴan tsaki na kanti mai ƙarfi, in babu a haɗa da gara da dafaffen ƙwai. Rigakafin cututtukan kaji na Niyukasal da Gumboro kuma ki je wurin likitan dabbobi ya tsara miki ranakun tun ba su fito ba.

In baragurbin nan 45 na nan ba ki zubar ba, ki fitar da su bayan gida, ki rufe hanci, ki fasa ɗaya-ɗaya ki ƙirga. Gwaiduwa zalla ba alamar komai, laifin mai ƙwai ne. Jan zobe ko ɗan gudan jini, tsufan ƙwai ne ko zafin makon farko. Cikakken tsako da gashinsa, jiƙe sharkaf bai huda ba, laima ta yi yawa ko iska ta gaza. Wanda ya huda ya manne a bushe, buɗe murfi ne ko ƙarancin ruwa. Bayan nan ki binne su, ki wanke hannu da sabulu, ki goge tire da kwatarniya da ruwan jabel (bilic) mai sauƙi, ban da wurin wayoyi, ki shanya injin a inuwa. Ki kawo mana lissafin kowane kashi a nan, da lambar da ma'aunin farmasi ya nuna da ƙarfe uku na rana, sai mu san inda za a fara gyara kafin ƙwan zabi ya shigo.